Kawu, Kar a Taɓa Kwanon Nan: Yadda Muke Yi da Ɗan Haya a Ingila

Assalamu alaikum. Kawu, ranka shi daɗe, ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara da sauran mutanen gida. Na saurari saƙonka, na ga maganar ta fi ƙarfin amsar tsaye a waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

In na fahimce ka daidai, mutumin da ka ba gidan nan na bayan Ƙofar Ƙaura don ya zauna da iyalinsa ya ware ɗakuna biyu ya zuba ɗaliban Poli yana karɓar kuɗinsu, ya fasa bangon zaure ya buɗe shagon cajin waya, bashin wuta ya taru, kuma rabin kuɗin bana bai zo hannunka ba. 'Yan majalisarku sun kasu uku: masu cewa a yaye kwano damina ta yi maka aiki, masu cewa a ciro ƙofar gida, da masu cewa a ɗauko 'yan sanda. Kai kuma ka ce, ku da kuke zaune cikin Turawa, ya kuke yi da irin wannan?

Abin da ya fi ba baƙo mamaki a nan shi ne, gidanka ne, sunanka ne a takarda, amma daga ranar da ka miƙa wa ɗan haya makulli ba ka da ikon fitar da shi da hannunka, ko da ya shekara bai ba ka sisi ba. Canza kwaɗo, yanke wuta ko gas, watso kaya waje, turo ƙarti su tsaya mashi a ƙofa, duk laifi ne a dokar 1977 ta kare mutum daga korar zalunci, kuma hukuncinta na iya kai ɗaurin shekara biyu. Ko leƙa gidan za ka yi don duba gyara, sai ka ba shi sanarwar awa 24 a rubuce. Dokar kuwa tana da asali. A shekarun 1950 an yi wani mai gidaje a unguwar Notting Hill ta Landan, sunansa Peter Rachman, wanda ya shahara da tsangwamar tsofaffin 'yan haya har su gudu, sannan ya cika ɗakunan da baƙaƙen fata 'yan ci-rani waɗanda wasu masu gidaje suka ƙi karɓa, yana tatsar su yadda ya ga dama. Ya mutu a 1962, asirinsa ya tonu a jaridu a 1963, a 1965 majalisa ta mai da tsangwamar ɗan haya laifi. Baƙi irinmu ne suka fi shan wuya a hannunsa, don haka ni dai ba na cikin masu zagin dokar nan, ko da ranar da ta ɓata mani rai.

To, mai gida ba shi da hanya ke nan? Yana da ita, sai dai doguwa ce, kuma duk da takarda ake bin ta. Dokar gidaje ta 1988 ta jera dalilan da ake karɓar gida da su, kowane da lambarsa, kuma a Sashe na 8 ake ba da notis a kansu. Dalilan iri biyu ne. Akwai waɗanda in ka tabbatar da su alƙali ba shi da zaɓi sai ya ba ka gidanka, babbansu shi ne bashin haya mai yawa. Shekara da shekaru mizanin wata biyu ne, sabuwar dokar haƙƙin 'yan haya ta 2025 ta mai da shi wata uku. Akwai kuma waɗanda aka bar wa alƙali ya auna: yawan jinkirin biya, saɓa wani sharaɗi na yarjejeniya, lalata gida, damun maƙwabta, yin ƙarya lokacin neman gidan. Da a nan mutuminka yake, zuba ɗalibai da fasa bango duk a kashi na biyun za su faɗa, kuma ba mamaki alƙali ya ce ya sallami ɗaliban, ya gyara bango, ya riƙa biyan haya da wani abu a kan bashi duk wata, in ya kiyaye ya ci gaba da zama.

Akwai wata dabara da 'yan hayar da suka goge suka sani. Bashin nan sai ya cika mizani sau biyu, ranar da aka ba da notis da ranar da aka zauna a kotu. Sai mutum ya bari ana gobe zama ya tura fam ɗari biyu, bashi ya sauko ƙasa da mizani kaɗan, dalilin dole ya rushe. Mai gida yana ji yana gani. In ma an ci shari'ar, alƙali kan ba da kwana 14 a tashi, yana iya ja zuwa 42 in ya ga akwai tsananin hali. In mutum ya ƙi fita, har yanzu ba ka isa ka taɓa ƙofarsa ba, sai ka koma ka nemi ma'aikatan kotu, su ma su ba shi tasu sanarwar, sannan su zo. Daga shigar da ƙara zuwa karɓar makulli abin kan ci wata shida, ban da watannin da bashin ya yi yana taruwa kafin a je kotun. Ka tuna yawancin masu gidaje a nan da bashin banki suka saya, banki kuwa bai san ɗan haya bai biya ba.

Da akwai gajeriyar hanya, Sashe na 21: ka ba mutum wata biyu ya tashi, ba sai ka faɗi dalili ba. Da ita masu gidaje suka daɗe suna rabuwa da wanda ya dame su, da ita kuma marasa tsoron Allah ke korar wanda ya cika ƙorafin yoyo da fumfuna. Dokar haƙƙin 'yan haya da Sarki Charles ya sa wa hannu ran 27 ga Oktoba 2025 ta kashe ta, aka tsayar da 1 ga Mayu 2026 ranar fara aiki. A sabon tsarin, ko kai da kanka za ka koma gidan ko sayarwa za ka yi, sai ka ba da notis ɗin wata huɗu, kuma ba a fitar da mutum da wannan dalili a shekararsa ta farko. Wannan duk maganar Ingila ce, Sikotilan da Wales kowace da nata tsarin.

Za ka ce, in haka ne me ke hana kowa ya zauna ya ƙi biya? Abu biyu. Na farko kuɗin ajiya. Ɗan haya kan ajiye abin da bai wuce hayar mako biyar ba, kuma tun 2007 mai gida ba ya jefa su aljihu yadda ya so, dole ya yi masu rajista, yanzu cikin kwana 30, da ɗaya daga hukumomi uku da gwamnati ta amince da su. In ya ƙi, kotu na iya sa shi ya biya ɗan hayar har ninki uku. Ranar shiga gida kuwa wani ma'aikaci kan zo da waya a hannu ya bi ɗaki ɗaki yana ɗaukar hoto: cikin obin, bayan ƙofa, tabon shayi a kafet, ƙusar da ke bango, lambar mita. A rubuta, kowa ya sa hannu. Ranar fita a sake bi da takardar nan. Abin da tsufa ya ci ba a cajin ɗan haya, abin da sakaci ya ci a cire a ajiyarsa, in an yi gardama hukumar ta duba hotuna ta raba, kyauta. Da na fara ganin wannan sai na tuna abin da malamai ke karantarwa a babin ijara, cewa mai haya amintacce ne, ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyaka. Hukuncin namu ne tun da daɗewa, hoton ranar shiga ne kawai ba mu ɗauka.

Na biyu, kuma shi ne ainihin bulalar, suna. Duk gidan da za ka nema gaba, ejan zai tambayi tsohon mai gidanka ya kuka rabu, ya kuma binciki tarihin bashinka. In kotu ta taɓa yanke maka hukuncin bashi ba ka biya cikin wata ɗaya ba, abin na zaune a rajista shekara shida. Ba gida mai kyau, ba bashin mota, ko waya a kan biyan wata-wata sai ka sha wuya. Mutum zai iya cin wata takwas a gidan wani kyauta, amma ya san da me zai biya.

Yanzu bari in zo kan namu, don na san shi ka fi son ji. Laifukan da Bahaushe ke yi a gidan haya a nan ba kasafai suke na mugunta ba, al'ada ce ke karo da takarda. Buta ita ce ta ɗaya. Gidajen nan benen katako ne, banɗakin ba a yi shi don a zuba ruwa a ƙasa ba. Mutum ya yi wata uku yana alwala yana tsarki kamar yana gida, sai ranar nan na ƙasa ya ga silin ɗinsa ya kumbura yana ɗiga. Sai turaren wuta. Uwargida ta sa kasko, na'urar hayaƙi ta fara ihu, sai a hau kujera a ɗaure mata baki da safa ko leda, a manta da ita har mai duba gida ya zo ya gani, alhali ran mutane aka sa ta tsarewa. Ga shanya a cikin ɗaki lokacin sanyi, taga a rufe don kar hita ta ci kuɗi, bango ya yi baƙi da fumfuna, a fara jayayyar laifin wa. Ga taron suna da ya wuce sha ɗayan dare, ga daka a turmi a saman kan Baturiya mai aikin dare. Amma babba a cikinsu shi ne baƙo. Ɗan'uwa ya sauka, an ce kwana biyu kafin ya samu wuri, sai ga shi ya yi rabin shekara a falo, ya kuma jawo abokinsa. Yarjejeniya ta ce mutum biyu, gida na ɗauke da shida. Wa zai iya cewa ɗan ƙanwarsa ya fita cikin sanyin Janairu? Amma mai gida yana da dalilin tayar da hankali. Tun Fabrairun 2016 doka ta ɗora mashi duba takardun zaman ƙasa na duk baligin da ya ba haya, kuma tarar ta kai fam 10,000 a kan mutum ɗaya tun 2024. Sannan gidan da mutum biyar ko fiye waɗanda ba iyali ɗaya ba ke zaune sai da lasisi daga hukumar gari.

In mai gidan Bature ne ko Ba'indiye, yawanci ta hannun ejan ake komai: wasiƙar gargaɗi ta farko, ta biyu, ziyarar dubawa, sannan notis. Ba faɗa, ba ɗaga murya, har "muna fata kana lafiya" za a rubuta maka a saman takardar kora.

Tsakaninmu kuwa abin ya sha bamban. Daga 2022 zuwa 2023 mutanenmu sun shigo da yawa, masu digiri na biyu da iyalansu da masu aikin kula da tsofaffi. Sabon zuwa ba shi da tarihin bashi, ba shi da mai tsaya mashi, ejan sai ya ce ya kawo hayar wata shida a dunƙule (sabuwar doka ta hana karɓar fiye da ta wata ɗaya). Ina zai je? Sai masallaci, sai zauren WhatsApp na 'yan Arewa. Wani da ya daɗe ya ce yana da ɗaki, a yi musabaha, a ce Allah shi sa albarka, shi ke nan. Ba takarda, ba ajiya, ba hoto. In ka ce a rubuta sai a ce haba, tsakaninmu?

Na zauna a sulhun irin wannan a wani masallaci a nan Mancesta, bayan an sauko Juma'a, a ɗan ɗakin da ake ajiye tabarmi da kwalayen dabino. Mai gidan dattijo ne direban tasi, ya ba wani yaro da matarsa ƙaramin gidansa na biyu. Yaron, wurin aikinsa sun rage mashi awoyi, ya yi wata huɗu yana biyan rabi, sannan ya sa wasu samari biyu a ɗaki ɗaya don ya cike giɓi, bai faɗa ba. Dattijon ya zo da makullinsa na ajiya a aljihu, ya ce shi yau zai canza kwaɗo. Liman ya bar shi ya zazzage duk abin da ke cikinsa, sannan wani lauya daga cikinmu ya tambaye shi a hankali, Alhaji, ina takardar duba gas ta bana? Ka duba bizar samarin nan? Kuɗin da ya ba ka da farko, da ka ce na ko-ta-kwana ne, ina ka yi masu rajista? Dattijo ya yi shiru yana juya hula. Ya shigo yana mai gaskiya, kuma da gaskiyar tasa, amma da an je gaban hukuma shi zai fara biya. Yaron ma ba a ƙyale shi ba. Liman ya ce da shi rashin kuɗi ba laifi ba ne, ɓoyewa ce cin amana, mutumin da ya rufa maka asiri ranar da ejan ya kore ka bai cancanci ya ji labarin gidansa a bakin maƙwabta ba. Aka yago takarda daga littafin lissafin masallaci aka rubuta: samarin su tashi ƙarshen wata, a taya su neman wuri, a yafe wata ɗaya, sauran a biya kashi shida, wani ɗan garinsu yaron ya tsaya mashi, in an saɓa sau biyu Alhaji ya bi ta kotu kuma ba mai zuwa roƙo. Shaidu biyu suka sa hannu, kowa ya ɗauki hoton takardar da wayarsa.

Yawancin namu a nan suke ƙarewa, kuma na fi son haka, don kotu ba ta san gobe za a haɗu a jana'iza ba. Amma ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Sulhu kan danne mai ƙaramin ƙarfi. Na ga matar da mijinta ya tafi ya bar ta da yara, aka taru aka ce ta yi haƙuri ta tashi cikin mako biyu don mai gidan babba ne a cikin jama'a, alhali doka ta ba ta watanni, kuma ba wanda ya gaya mata. Na kuma ga mai gidan da kunya ta cinye, ɗan haya ya gane ba zai taɓa kai ɗan'uwa Musulmi kotu ba, ya miƙe ƙafa, in an yi magana ya ce ai Allah ya ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Gaskiya ne, amma a surar nan dai, aya biyu gaba, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ke cewa a rubuta bashi a kafa shaidu. Wannan ba ya tuna ta. Kunyar mara kunya asara ce, Kawu.

Wuri ɗaya ne doka ta sakar wa mai gida mara: in a gidan da kake kwana ka ba mutum ɗaki, kuna haɗa kicin ko banɗaki. Shi wannan ba sai an je kotu ba, sanarwa mai ma'ana ta isa, kuma gwamnati ba ta karɓar haraji a kan fam 7,500 na farko a shekara. Shi ya sa da yawa cikinmu suka fi son haka. Wanda kuma aka ba gidan hukuma don talaucinsa ya fita ya sa wasu yana karɓar kuɗi, wannan tun 2013 laifi ne da ake ɗaure mutum a kai.

To, ga abin da nake gani a kan naka. Kar a taɓa kwano, kar a ciro ƙofa. Ba don Turawa sun hana ba, a Najeriya ma kotuna sun sha cin tarar mai gidan da ya fitar da ɗan haya da ƙarfinsa, sai ka ga wanda ake bi bashi ya koma shi ke bin diyya. Ban da haka akwai mace da yara a gidan, ga 'ya'yan mutane da suka biya kuɗinsu ba su san hawa ba ba su san sauka ba, kuma ruwan da zai kore su gininka zai jiƙa. 'Yan sanda ma ba hurumin su ba ne, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. Tsarin da ake bi a Abuja da Legas shi ne, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai hayar wata a ba shi notis ɗin wata ɗaya, mai hayar shekara wata shida, bayan ya cika a ƙara mashi na kwana bakwai, sannan kotu. Ka sa lauya a Katsina ya rubuta maka shi daidai da dokar jiha, don kuskuren rana ɗaya kan mai da mutum farko.

Kafin nan, ka aika a ɗauki hoton bangon zauren da mita da takardun wuta, a tattara rasit ɗin duk abin da ya taɓa biya. Ka sa mai unguwa ya kira shi, da limamin unguwar da wanda ya kawo maka shi tun farko, don shi ma yana da alhaki. A ba shi zaɓi biyu a fili. Ko ya zauna a kan sabuwar takarda: ɗaliban su koma biya a hannunka kai tsaye har zangon karatunsu ya ƙare, shagon a sa mashi kuɗinsa daban in kana son barinsa, in ba ka so ya toshe bango da kuɗinsa, bashin wuta da na haya a yanka su wata-wata. Ko kuma ya faɗi ranar tashi, ka yafe mashi wani abu daga bashin in ya miƙa makulli a ranar. Na san yafewar za ta yi maka ciwo, amma a nan ma masu gidaje na yin ta, har wasu kan biya wa mutum kuɗin motar kwashe kaya, don sun lissafa sun ga ta fi wata shida na zirga-zirgar kotu araha. Notis ɗin lauya kuwa a miƙa shi tun yanzu a gaban shaidu, kar a jira a ga yadda sulhu zai kaya, don kwanakinsa su fara ƙirguwa. In kun sa ranar zaman, a kira ni ta bidiyo bayan la'asar ɗinku, lokacin na taso daga aiki.